Koren Dutsen da Aka Kife a Kwaja

Bugu uku Khaulat ta yi wa dutsen da guduma kafin kusurwarsa ta ɓalle ta faɗa cikin ciyawa. Ta ɗauka ta hure ƙurar, ta ɗan tofa masa yawu ta goge da babban yatsa, kamar yadda duk ɗalibin jiyoloji, wato ilimin duwatsu, ke yi idan yana zaton ba mai kallonsa. Cikin dutsen kore ne mai duhu, da ɗigo-ɗigon baƙi masu ƙyalli kamar an barbaɗa masa masoro.

Wata biyar ke nan tana yawo a duwatsun Mubi saboda aikin digirinta na biyu, daga Digil zuwa Gude, ba abin da take samu sai giranit, farin dutsen nan mai tsakuwa da ya cika ko'ina har ya ishe ta. Yau ga wani abu dabam a bakin wata gonar dawa a Kwaja, ya leƙo daga cikin ƙasa kamar bayan kunkuru. Hadari ya haɗo, ita kuma zumuɗi ya ɗebe ta. Ba ta tsaya tona gefensa ta ga ko yana da tushe a ƙasa ba, abin da ake koya wa ɗan aji ɗaya. Hoto ta ɗauka, ta rubuta lambobin wurin, ta tura wa guruf ɗin 'yan sashensu.

"Ku zo ku gani. Dutsen ƙarƙashin ɓawon duniya, dashe a ƙasa, a Kwaja. Ni na fara ganinsa."

Saƙon na tafiya ta ji magana a bayanta.

"Me kika yi?"

Wani dogon saurayi ne, baƙi, fartanya a kafaɗa, wandonsa naɗe zuwa gwiwa. Ba ita yake kallo ba, sabon tabon da gudumarta ta bari yake kallo.

"Sannu da aiki, Malam. Ɗaliba ce ni, samfur na ɗauka."

"Wa ya ba ki izini?"

"Izinin dutse? Ai a bakin hanya yake."

Ya sauke fartanyar a hankali. Da ya yi tsawa ma da ya fi mata sauƙi.

"Dutsen niƙan Dada ne, uwata. Shekara biyu da rasuwarta. A gidanmu in mace ta rasu, dutsenta ake kifewa a bakin gonarta. Ba mai taɓawa, ba mai juyawa, sai matar da ɗanta ya aura. Ni kaina ban taɓa sa masa hannu ba tun ranar. Ke kin zo da guduma."

Duk mai hankali a nan haƙuri zai ba da ya yi shiru. Amma Khaulat 'yar Alhaji Abdulrashid ce, ba ta saba a tsayar da ita a yi mata faɗa a bakin hanya ba, kuma kunya idan ta yi mata yawa fushi take komawa.

"To ai ba a rubuta a jikinsa ba," ta ce.

Ya dube ta a karo na farko, kallon da ta daɗe ba ta manta ba. Ta miƙa masa ɓallin dutsen. Bai karɓa ba.

"Ki tafi da shi. Ko kin ba ni ba zai koma ba."

Ruwa ya kece. Har ta samu keke ta koma cikin gari tana ta mita a ranta, wai mutum ya ajiye dutse a hanya ya ce kada a taɓa. Amma ɓallin yana cikin jakarta, kuma ji take kamar ya fi guduma nauyi.

Kwana uku ta iya daurewa. A na huɗu ta sayi goro da sabulu ta koma Kwaja, ta yi tambaya har aka kai ta gidan. Wata tsohuwa ta tarar tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, da ɗan gicciye rataye a wuyanta. Goggo Hannah ce, yayar mahaifin saurayin. Gidan irin gidajen wajen ne, wasu masallaci wasu coci, tukunya ɗaya.

"Kai ne yarinya da ya fasa dutse?" in ji tsohuwar.

"Ni ce, Goggo. Haƙuri na zo bayarwa."

"Zauna. Mika'ilu ya yi kwana biyu bai ci tuwo ba. Ni kam na ce mishi, Dadanka da yana da rai, dariya zai yi. Shi ma hannunshi akwai ɓarna."

A nan Khaulat ta ji sunansa, ta kuma ji cewa malamin darasin noma ne a wata sakandare, da yamma yake dawowa gonar uwarsa. Da ya shigo ya gan ta, ya tsaya a bakin ƙofa. Ta durƙusa, abin da ba ta cika yi ba.

"Malam Mika'ilu, na yi maka laifi, na kuma ƙara da baƙar magana. Ka yafe mini."

"Na yafe," ya ce. "Amma me kika gani a ciki har kika rasa hankalinki?"

Tambayar da bai kamata a yi wa Khaulat ba ke nan idan ana sauri. Ta ja kujera. Ta ce masa ƙasar da muke takawa ɓawo ce kawai, a ƙarƙashinta akwai wani dutse kore mai nauyi da ba wanda ya taɓa tonowa ya kai gare shi. Wani lokaci, idan manyan farantan duniya suka yi karo suka rufe wani teku, sai ƙasan tekun ya ɓalle tare da koren dutsen da ke ƙarƙashinsa, a tunkuɗo su kan tudu. Wannan shi masana ke kira ofiyolayit.

"Kina nufin dutsen Dada daga ƙarƙashin teku ya fito?"

"Haka nake zato. Sai an auna. Amma dole a nan kusa aka sare shi, ina so ka taya ni neman wurin."

"Teku a Kwaja," ya ce, ya yi murmushin da bai yi niyya ba. "Mu da mayo ma, rafin nan namu, ke ƙafe mana da rani."

Daga nan Asabar ta zama tasu. Sukan hau duwatsu, ita da guduma, shi da gorar ruwa, Goggo Hannah a baya tana tsinkar ganyen miya, ta ce ba za ta bar 'yar mutane ta bi namiji cikin duwatsu ba tare da babba ba. Sun bi kwari, sun bi rafi, sun fasa duwatsu sun fi a ƙirga, amma yanzu kafin ta ɗaga guduma sai ta waiwaya ta ce, "Wannan na wata ne?" Shi kuma ya ce, "Maraya ne, buga." Ko'ina giranit. Koren dutse ko ƙwaya.

Ba a daɗe ba saƙonni suka fara wuce maganar dutse.

"Mai Guduma, kin isa gida lafiya? Goggo ta ce ƙafafunki na 'yan birni ne amma zuciyarki ta 'yan dutse ce."

"Na isa, Mai Gona. Ka gaya wa Goggo ƙafafun sun kumbura, zuciyar kuma na baro ta a can, a duba mini ita."

"Na tsince ta. Ba zan mayar ba, ke ma ba ki mayar da namu ba."

Ranar da aka gama yanka ɓallin dutsen a ɗakin gwaji, aka goge shi har ya fi fatar albasa siriri, aka manna shi a gilashi, sai ta kira shi ya zo jami'a. Ta zaunar da shi gaban maikiroskof, madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa, ta kunna fitilar, ta juya masa farantin. Dutsen da yake baƙi-baƙi a bakin gona ya koma shuɗi da ruwan hoda da rawaya, da wasu jijiyoyi masu kama da raga sun ratsa shi.

"Masu launin nan olibin ne," ta ce a hankali. "Jijiyoyin kuma inda ruwa ya shiga ya canza shi. Baƙaƙen ƙwayoyin nan kuromayit, su ba sa canzawa, su ne za su gaya mana inda aka haife shi."

Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago idanunsa sun yi ja.

"Shekara talatin Dada tana niƙa a kai, ba ta san haka cikinsa yake ba."

A ranar Khaulat ta tabbatar wa kanta tana sonsa, so na gaske, ba na saƙon waya ba.

Amma akwai abin da take ɓoyewa, kuma gara a faɗe shi ƙarara. Tun ranar da ta tura hoton nan sashensu ya ɗauka. Dakta Nehemiah, malamin da ke duba aikinta, mutumin da ba ya yabon kowa, ya tsayar da ita gaban aji ya ce wannan yarinya za ta sa a sake zana taswira. Ba ta ce masa dutsen niƙa ba ne. Ta gaya wa kanta ai daga nan kusa aka sare shi, idan ta samo wurin komai ya daidaita. Har ranar da suka zauna hutawa a gindin ɗorawa, Goggo Hannah ta kwance mata wannan ƙaryar ba tare da ta sani ba.

"Ku kuna wahala banza. Wannan dutse ba na nan ba ne. Kakan kakan Mika'ilu, mace, shi ya kawo daga gabas, bayan iyaka can, da aka auro shi. Kwana tara a kai. An ce mishi ajiye, akwai dutse a Kwaja, ya ce na uwanshi ne. Mace huɗu sun niƙa a kai."

Khaulat ta sunkuyar da kai. Mika'ilu ya dube ta.

"Kin gaya wa malaminki dutsen niƙa ne ko?"

"Zan gaya masa," ta ce.

Ba ta gaya masa ba. Litinin ta zo ta wuce, wata Litinin ta bi ta. Yabo abu ne mai daɗi, wanda ya ɗanɗana ba ya son tofarwa.

A gida kuma wata wutar ce. Alhaji Abdulrashid babban dillalin hatsi ne a kasuwar Mubi, kakansa ya zo daga Katsina, kuma ba ya bari a manta da hakan. Da Mika'ilu ya aiko neman izinin zuwa zance, Alhaji ya kira 'yarsa falo.

"Na ba ki karatu har inda kike so, ban hana ki hawa duwatsu kamar akuya ba. Amma ɗan cikin duwatsun ba zan ba shi ke ba. Wa ya san asalinsu? Rabin gidansu ma ba salla suke yi ba."

"Abba, shi musulmi ne, mahaifinsa ma haka. Ka bincika."

"Ba sai na bincika ba. Ga Khalid, ɗan aminina, na san ubansa, na san kakansa."

Khalid tare suka yi digirin farko da Khaulat, da ƙyar ya fita, amma bai fita daga guruf ba. Yanzu dillancin ma'adinai yake yi, yana yawo da mota mai baƙin gilashi, kowane dutse a wurinsa tambaya ɗaya ce, nawa za a saya. Khaulat ba ta tsane shi ba a da. Raina shi kawai ta yi, wanda kuskure ne.

Sakamakon awon ya zo daga ƙasar waje, inda wani abokin Dakta Nehemiah ya sa gilashin a na'urar da ke auna sinadaran cikin ƙwaya ɗaya ta ma'adini. Zatonta ya tabbata. Olibin ɗin cike yake da maganiziyam, ƙwayoyin kuromayit kuma kuromiyam ɗinsu ya yi yawa ƙwarai, alamar dutsen ya narke an tatse shi har ya zama kamar dusa bayan an tace koko. Irin wannan tatsa a ƙarƙashin teku ake yinta, inda farantin duniya ɗaya ke nutsewa ƙarƙashin wani. Ba irin korayen ƙulle-ƙullen da duwatsu masu aman wuta ke tofowa ba ne. A ƙasan takardar Dakta ya rubuta da jan biro, "Madalla. Amma irin wannan ba ya zuwa shi kaɗai. Ina sauran?"

Ta san amsar. Duk da haka ta tsaya a taron ƙara wa juna sani na sashen ta nuna jadawalin, da taswira, da ɗigon ja a kan Kwaja. Khalid yana layin baya. Cikin duk bayanin nan kalma biyu kunnensa ya kama, kuromiyam da nikel, ƙarafan da ake saye da tsada.

Bayan kwana goma, da hantsi, tana ɗakin gwaji, saƙo ya shigo. Babu Mai Guduma a farkonsa.

"Khaulat, mutane bakwai suna cikin gonar Dada da shebur da diga. Sun tattake dawa. Shugabansu ya nuna wa Jauro, mai unguwarmu, takarda da sunanki a kai, da lambobin wurin da kika rubuta, ya ce ke kika tabbatar akwai arziki a ƙasan. Na gaya musu dutsen niƙa ne, suka yi mini dariya, suka ce manomi zai ƙaryata masana. Kin ce za ki gaya musu. Ashe duk hawan duwatsun nan hanya kike nema musu. Kada ki amsa."

Ta karanta sau biyu. Fushi ya taso mata. Wai ita ce za ta sayar da gonar Dada? Ita da ta kumbura ƙafa a duwatsun nan? Ta fara rubuta masa amsa mai zafi, ta kai layi uku, sai ta tsaya. Sayarwa dai ba ta sayar ba, amma ɗigon jan nan wa ya ɗiga shi? Fushin bai tafi ba, juyowa ya yi kanta, sannan ya wuce kan Khalid da ƙarfinsa duka.

Ta kwashi takardunta ta shiga ofishin Dakta Nehemiah ba sallama.

"Sa, babu sauran. Dutsen niƙa ne, wata amarya ta kawo shi a kai shekaru aru-aru. Na sani tun wata biyu."

Ya cire tabarau ya dube ta.

"Za ki tsaya gaban mutanen da suka tafa miki ki maimaita wannan," ya ce.

"Zan tsaya, Sa. Amma akwai inda zan fara tsayawa."

Da keke ya sauke ta a Kwaja, ta tarar an yi ɓarna. An haƙa ramuka biyu a tsakiyar gonar, an tara farar tsakuwa a kan dawar da ta fara fitar da kai. Jauro, mai unguwar, yana zaune a kujera da takarda a hannu. Goggo Hannah ta zauna a ƙasa kusa da dutsen ta miƙe ƙafa, alamar sai dai a ɗauke ta tare da shi. Mika'ilu yana tsaye a gabansu da fartanya, wani ƙato kuma riƙe da ƙarfen ɓamɓare dutse yana jiran umarni. Abin da ba ta zata ba shi ne mahaifinta. Khalid ya ɗauko shi a mota ya zo ya ga arzikin da 'yarsa ta gano.

"Yawwa, ga mai abin nan," in ji Khalid. "Khaulat, gaya musu."

"Zan gaya musu." Ta durƙusa ta gaida Jauro, ta gaida mahaifinta, ta miƙe. "Ranka ya daɗe, takardar nan tawa ce, kuma akwai ƙarya a ciki. Ni na yi ta. Dutsen nan ba shi da tushe a ƙasar nan. Kawo shi aka yi. Na sani na yi shiru saboda an yabe ni."

"Kunya take ji," Khalid ya ce yana dariya. "Lambobi ba sa ƙarya. Ga kuromiyam nan, kashi hamsin da wani abu."

"A cikin ƙwaya ɗaya, Khalid. Ƙwayar da ba ta kai kan allura ba. Da ka zauna a aji da ka san bambancin awon ƙwaya da awon dutse. Ko gonar nan duka irinsa ce, ba ma'adinin haƙa ba ne. Kuma lambobin da kake taƙama da su su ne suka ce dutsen a ƙarƙashin teku aka haife shi, irinsa kuma jere yake zuwa, tsauni guda. Ka haƙa rami biyu, me ka samu? Ka tattake abincin mutane na shekara saboda ba ka iya karatu ba."

Fuskar Khalid ta canza.

"To abu mai sauƙi. A ɗaga dutsen. In ba shi da tushe mu tafi."

Jauro ya gyaɗa kai, don maganar ta yi kama da adalci. Ƙaton ya matso da ƙarfensa. Mika'ilu ya sha gabansa.

"Namiji ba ya taɓa shi. Ni ma ban taɓa ba."

"Mace ɗaya ne zai juya," in ji Goggo Hannah daga ƙasa. "Matan Mika'ilu. Ba shi da mata, to dutse yana nan."

Khaulat ta ajiye takardun a ƙasa, ta cire jakarta, ta taka har gaban dutsen. Tabon gudumarta yana nan. Ta dubi Mika'ilu, wanda tun zuwanta bai kalle ta ba.

"Mai Gona, na yi maka laifi karo na biyu, wannan ya fi na farko. Ban sayar da kai ba, amma na yi shiru, kuma shirun ne ya kawo su. In ka yafe, ka yarda in juya shi?"

Ya san abin da take tambaya. Kowa a wurin ya sani. Ya dube ta, ya gyaɗa kai.

Ta sunkuya ke nan aka daka mata tsawa.

"Khaulat, ɗauke hannunki."

Alhaji Abdulrashid ne. Mutum ne da ya yi shekara arba'in yana sa hannu cikin buhun dawa, kuma tun da ya sauka daga mota idonsa na kan zangarniyar da aka tattake. Ya sunkuya ya ɗauki ɗaya, ya karkaɗe mata ƙasa.

"Khalid, ka ce mini fili ne ba kowa. Wannan dawar saura wata ɗaya ta nuna. Ubanka ba zai taka ta ba." Ya juya wajen tsohuwar. "Baba, kin ce daga ina aka kawo dutsen?"

"Kwana tara a kai, Alhaji. Mace huɗu. Ina iya kira maka sunansu duka, da na ubanninsu."

Ta kuwa kira su ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi tuntuɓe ba. Alhaji ya saurara har ƙarshe. Khaulat ta san abin da yake tunawa, tsohon turmin kakarsa da aka taho da shi daga Katsina, wanda ya tsage tun tuni amma yake ajiye a ɗakinsa, ba mai daka a ciki.

"Na ce ba a san asalinsu ba," ya ce a hankali. "Ni a nawa kakannin uku kawai zan iya kirawa." Ya gyara babbar rigarsa, ya sake haɗe rai. "Amma 'yata ba za ta juya dutsen gidan da ba a ɗaura mata aure da ɗansu ba, ina tsaye. Ba haka ake yi ba, ko a wurinku ko a wurinmu. Jauro, a tsayar da haƙan nan. Kai kuma, Malam, ka turo manyanka. In an ɗaura, ta juya, kowa ya zo ya gani."

Jauro ya naɗe takardar ya miƙa wa Khalid, ya ce kafin su tafi su mayar da ƙasar da suka tona.

Ranar Litinin Khaulat ta tsaya gaban sashensu ta faɗi gaskiya. An yi dariya, dariya mai yawa, har wani ya tambaya ko a taswira za ta sa alamar tuwo. Ta sha, ta haɗiye. Dakta Nehemiah ya soke taken aikinta ya ce ta fara sabo, a kan inda dutsen ya fito da yadda sinadaran cikinsa za su nuna hanyar da ya biyo. Shekara guda ta ƙaru mata. Da yamma saƙo ya shigo.

"Mai Gudumata, na ji an yi miki dariya. Ni ma na ce miki abin da ba ki yi ba, ki yafe mini. Dawar da ta rage ta miƙe."

"Na yafe, Mai Gonata. Ka ce wa dutsen ya jira ni."

Bayan girbi aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji, ranar Asabar da safe. Washegari, bayan Goggo Hannah ta dawo daga coci, aka raka amarya gona. Mata suka kewaye, Jauro ya zo, Alhaji ya zo, har Dakta Nehemiah ya zo da hularsa ta fita aiki. Khalid ne kaɗai aka aika wa bai zo ba.

Khaulat ta durƙusa da lallenta, ta tona gefen dutsen da yatsu, abin da ya kamata ta yi tun ranar farko. Ta sa hannu biyu ta yi bisimilla ta ja. Ya motsa, ya tashi, ya juye, cikinsa ya dubi sama. Ƙarƙashinsa ba komai sai farar ƙasa da tururuwa. Cikinsa kuwa ya lotsa kamar akushi, santsi, kore shar, inda hannayen mata huɗu suka cinye shi a hankali. Guɗa ta tashi.

Goggo Hannah ta kwance gefen zaninta ta fito da ɗan dutsen da ake murzawa da shi, wanda ta ɓoye shekara biyu da rabi, ta ɗora mata a tafi, ta zuba sabuwar dawa a lotsin.

"Niƙa, 'yata. Allah ya sa albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya sa ka daɗe kafin a kife shi."

"Amin," in ji Alhaji, ya ɗaga hannu ya ƙara da tasa addu'ar, aka shafa tare.

Khaulat ta murza sau ɗaya, dawar ta watse gefe, mata suka fashe da dariya. Mika'ilu ya tsuguna kusa da ita, ba tare da ya taɓa dutsen ba, ya nuna kusurwar da ta ɓalle, wadda yanzu take daidai gwiwarta.

"Kowaccensu ta bar alamar hannunta," ya ce. "Ke kin fara tun kafin ki shigo."

Ta tattaro dawar da gefen hannu ta mayar cikin lotsin, ta gyara zama, ta ci gaba da niƙa.